Naman Kazan Daji: Yadda Ake Gane Mai Kyau da Shirya Shi Kafin Ya Kai Baki

Naman kazan da nake nufi shi ne tsiron nan mai hula da ƙafa ɗaya da ke ɓullowa bayan ruwan sama a gindin itatuwa, ko kan ruɓaɓɓen kututture, ko jikin suri, wanda wasu ke kira laimar kwaɗo. Duk wanda ya tsinto shi a daji yana da tambayoyi biyu a gabansa. Ta farko: wane iri ne wannan? Ta biyu: yana da sauran kyau, ko ya fara lalacewa? Mutane kan haɗa su wuri guda, kuma nan matsalar take. Mai kisa yakan fito sabo fil, tsaf-tsaf, ba wari ba tsutsa. Wanda ake ci kuwa, in ya kwana biyu a zafi, sai ya kwantar da gida guda da amai da gudawa. Kowace tambaya da amsarta, kuma sai ta farko ta wuce ake waiwayar ta biyu.

Mataki na farko: san sunansa

Ba daga rubutu ake koyon tantance naman kaza ba, har da wannan da kake karantawa. Ana koyonsa ne a daji, tare da wanda ya daɗe yana tsinta yana ci, da kuma littafin da aka rubuta kan irin na yankin da kake. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin wanda ya ƙaura zuwa wata ƙasa yakan ga abin da ya yi kama da na gida ya tsinko, alhali kama da wane ba ta wane. Manhajar waya mai gane tsiro daga hoto takan taimaka wajen hasashe, amma tana kuskure, kuma ba ta shinshina, ba ta tono gindi.

Akwai guda ɗaya da ya wajaba ka san fuskarsa ko da ba ka san sauran ba: Amanita phalloides. Shi ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na mace-macen da naman kaza ke jawowa a duniya. Hularsa takan yi kore-kore mai ratsin rawaya, wani lokaci ta koɗe ta kusa zama fara. A ƙarƙashin hular akwai siraran shafuka jere kamar na littafi, waɗanda zan riƙa kira haƙarƙari. Nasa farare ne. Yana da zobe a ƙafa kamar ɗan siket, sannan a can gindi, sau da yawa binne a ƙasa, akwai 'yar jaka kamar fasasshen ɓawon ƙwai. Rabin hula ɗaya na iya kashe babban mutum. Dafinsa ba ya jin wuta, ba ya jin shanya, ba ya jin ƙanƙara. Yana da 'yan uwa farare tas masu irin wannan dafin, akwai kuma wani ƙarami ruwan ƙasa mai suna Galerina marginata da ke fitowa kan ruɓaɓɓen itace.

Saboda wannan jakar ta gindi, duk wanda ba ka riga ka sani sarai ba, kada ka yanke shi a tsakiyar ƙafa. Sa wuƙa ka tono shi da gindinsa gaba ɗaya.

Wani gwajin da ke taimakawa shi ne na ƙurar iri. Cire hular, ka kifa ta kan takarda rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi, ka bar ta ta kwana. Da safe za ka ga zanen ƙura. Launinta na raba gardama da yawa. Akwai wani babba mai kyan gani, Chlorophyllum molybdites, da ke fitowa a fili cikin ciyawa, ya yi kama da wani da ake ci; ƙurarsa kore ce, kuma ya sha aika mutane asibiti.

Sai camfe-camfen da ake gado. An ce in ka sa cokalin azurfa ko tafarnuwa a tukunya, za su yi baƙi in akwai dafi. Ba sa yi. An ce abin da dabba ko ƙwaro ya ci, mutum ma zai ci. Dodon koɗi na cin Amanita phalloides ya wuce abinsa. An ce mai dafi ɗaci gare shi, amma waɗanda suka tsira daga wancan sun sha cewa daɗi ne da shi. In shakka ta shigo ko kaɗan, bar shi inda ka gan shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na biyu: zaɓe tun a daji

Dubi wurin kafin ka dubi tsiron. Naman kaza na zuƙo ƙarafa masu guba daga ƙasa, irin su dalma da zaiba da kadmiyam, ya tara a jikinsa. Don haka gefen babban titi, bayan masana'anta, tsohon juji, wurin haƙar ma'adinai da gonar da aka yi wa feshi duk ba wuraren tsinta ba ne. Ƙasa ba ta mantuwa da wuri: tun bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, har yau ana samun burbushin sinadarin nukiliya mai suna siziyam 137 a wasu nau'o'in naman kazan dajin kudancin Jamus.

Ɗauki matasa da matsakaita, waɗanda hularsu ke da ƙarfi. Wanda ya buɗe har gefensa ya murɗe sama, ya tsattsage, ya gama zamaninsa. Bar shi ya zubar da iri. Jariran da ba su buɗe ba ma ka ƙyale su, don a wannan shekarun duk kamarsu ɗaya, alamomin da za ka gane su da su ba su fito ba.

Yi rabin wanki a nan. Wanda ka tabbatar da shi, yanke gindin mai ƙasa, ka kakkaɓe ganye da yashi kafin ya shiga kwando. Ƙasar guda ɗaya in ta zube cikin haƙarƙarin goma, aikin minti biyu ya koma na awa guda. Kowane iri da wurinsa, kuma wanda za ka kai gida don bincike kawai, naɗe shi daban a takarda. Ɓarɓashin mai dafi in ya faɗa cikin masu kyau ba a tsince shi, duka ake zubarwa.

Kwando ko jakar takarda, ban da leda. Na koyi wannan da asara. Wata rana na cika leda, na ɗaure bakinta, na bar ta a mota na tsaya wata hidima. Awa huɗu ko biyar ne kawai. Da na kwance, wani tururi mai ɗumi ya bugi fuskata, cikin ledar ya yi gumi, na ƙasa sun narke sun manne da juna, suna zarni. Naman kaza kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma yana ci gaba da numfashi bayan an tsinke shi. In ka toshe masa iska, sai ya dafa kansa da kansa, ƙwayoyin cuta su samu gida. Ɗauke shi kamar ɗanyen kifi: daga lokacin da ya bar ƙasa agogo ya fara bugawa.

Mataki na uku: dubawa a gida

A ranar da ka tsinto ake wannan, ko ka gaji. Baza su kan faranti ko jarida a wuri mai haske, ka sake tantance su ɗaya bayan ɗaya. A daji ido kan rufe da murna, sai baƙo ya shige cikin kwando. Bayan nan sai a koma maganar sabunta.

Fara da yatsa. Danna hular a hankali. Mai kyau yana da tauri da ɗan tsalle, ya dawo yadda yake. In yatsa ya bar rami, ko ruwa ya tsattsafo, ko ka ji shi lagwab kamar jiƙaƙƙen soso, ya wuce. Yauƙi na buƙatar lura, don akwai nau'o'in da Allah ya halitta da hula mai santsi, musamman bayan ruwa, kamar dangin Suillus. A irin waɗannan santsin na kan fatar hula ne kawai, cikin yana da ƙarfi. Yauƙin lalacewa kuwa yakan kama ƙafa da haƙarƙari, ya zo da laushi da wari.

Sai hanci, wanda a ganina ya fi ido gaskiya. Sabo yana ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa, wasu da ɗan ƙamshin gyaɗa ko 'ya'yan itace. Shantarel, wato Cantharellus, wannan rawaya mai kama da mazurari, ƙamshinsa na 'ya'yan itace ne. Tsami, zarni, ƙarnin kifi ko ɗoyi, kowanne ka ji, magana ta ƙare. Akwai kuma warin da ke nuna iri, ba tsufa ba: Agaricus xanthodermus ya yi kama da farin naman kazan da ake nomawa, amma in ka kankare gindinsa sai ya koma rawaya shar nan take, yana warin tawada ko maganin asibiti. Yana ɓata ciki.

Juya shi ka dubi ƙarƙashi. Haƙarƙari su kasance a tsaye, a rarrabe, ba jiƙe ba, ba manne ba. Dangin Boletus ba su da haƙarƙari, soso ne mai ƙananan ramuka. A Boletus edulis soson fari ne da ƙuruciya, ya koma rawaya, daga baya ya zama kore-kore mai laushi. In naman hular na da ƙarfi, ɓare tsohon soson da babban yatsa ka yar. Yana fita cikin sauƙi, kuma in ka bar shi yauƙi zai yi a kasko. Amma in ka ga farar funfuna ko mai ruwan zinariya ta lulluɓe shi, kada ka ce za ka yanke wurin ka ci saura. Zaren funfuna na shiga ciki fiye da inda ido ke gani.

Na ƙarshe wuƙa. Raba kowanne biyu daga hula har gindi. Nan asiri ke tonuwa. Ƙananan ƙudaje na yin ƙwai a gindi, tsutsa ta hau ta cikin ƙafa zuwa hula, ta bar ramuka kamar an soka allura. Rami biyu ko uku a ƙafa, naman kewaye fari mai ƙarfi, sai ka yanke wurin ka ci gaba. In cikin ya zama kamar rariya, ya yi ruwan ƙasa, yana marmashewa, zubar. Tsutsar kanta ba dafi gare ta ba; abin gudu shi ne ruɓar da ta bari a bayanta.

Wannan rabawar na ceton rai a iri biyu. Na farko shi ne masu kama da farar ƙwallo, marasa hula. Wanda ake ci dole cikinsa ya zama fari fat, bai ɗaya, kamar curin cuku. In ya soma rawaya ya tsufa. In baƙi ne ko shuɗi mai duhu, wani iri ne mai guba. In kuwa ka ga inuwar ƙaramar hula da ƙafa a ciki, jaririn Amanita ne cikin ƙwansa. Na biyu shi ne morel, mai hula kamar saƙar zuma: na gaskiya cikinsa kogo ne guda tun daga sama har ƙasa. Mai kwaikwayonsa, Gyromitra, hularsa nannaɗe take kamar ƙwaƙwalwa, cikinsa kuma ɗaki-ɗaki ne da nama a tsakani.

Kada tsayin kwana ya ruɗe ka, don kowane iri da ƙarkonsa. Shantarel kan yi mako a firji lafiya lau. Coprinus comatus, dogo fari mai gashi-gashi, cikin yini guda yake narkewa ya zama baƙin ruwa kamar tawada, ko a firji. Shi da an shigo gida sai kasko.

Abin da ya fi wuya a wannan matakin shi ne zubarwa. Mutum ya yi tafiyar awa uku, ƙaya ta soke shi, sai ya ga rabin kwandon ba ya ciwuwa, zuciya ta fara ce masa ai wuta za ta gyara. Wuta na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta mayar da ruɓaɓɓe sabo. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mataki na huɗu: tsaftacewa

An daɗe ana cewa kada ruwa ya taɓa naman kaza. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Ɗauraya ta ɗan lokaci ba ta sa shi shan ruwan kirki, kuma yashi a haƙori ya fi ɗan danshi ɓata abinci. Abin kiyayewa biyu ne: kada a jiƙa shi ya daɗe, kuma kada a wanke sai an tashi dafawa.

Masu ƙarfi da santsin jiki, irin Boletus, buroshi mai laushi da ɗanyen tsumma sun isa. Shantarel a yage shi da hannu a tsaye, a ɗauraye ƙarƙashin famfo, a bi lungunan da buroshi. Pleurotus, wanda ke fitowa jere a jikin itace kamar faifai, ƙananan ƙwari na ɓuya a haƙarƙarinsa. Buga shi a tafin hannu su zubo. Morel ne kaɗai nake jiƙawa: a raba biyu, a sa a ruwan sanyi mai ɗan gishiri na minti biyar zuwa goma, a motsa, a tsamo da hannu. Kada a juye kwanon, don yashin da ya kwanta a ƙasa zai koma kansu. Na suri, dangin Termitomyces, suna da doguwar saiwa mai tauri da laka. A kankare ta, a yanke inda wuƙa ta fara jin ƙarfi. Duk wanda aka wanke a baza shi kan tsumma ya tsane.

Mataki na biyar: wuta

Naman kazan daji ba a cinsa ɗanye. Jikinsa na da wani sinadari mai tauri, irin na ɓawon ƙwari, wanda ciki ba ya narkarwa da sauƙi. Wasu kuma da ake ci suna da guba mai mutuwa da zafi. Morel ne babban misali. A 2023, a jihar Montana ta Amurka, mutum 51 sun yi rashin lafiya bayan sun ci morel ɗanye ko wanda bai dahu ba a wani gidan abinci, biyu suka rasu.

Hanyar da na fi so ita ce suyar da ake farawa ba mai. Yanka su kauri ɗaya, kamar rabin santimita. Ɗora kasko mai faɗi kan matsakaiciyar wuta, ka zuba su shimfiɗa ɗaya, ka barbaɗa gishiri kaɗan. Cikin minti biyu ko uku za su fara sakin ruwa, kaskon ya cika da romo yana tafasa, su kuma su ƙanƙance su koma kusan rabi. Kada ka tsiyaye, kada ka yi ta juyi. Saurara: ƙarar tafasa za ta canza ta koma "caa" ta suya. A lokacin ne ake zuba mai ko man shanu, a bar gefensu ya yi ja, sannan albasa ko tafarnuwa su biyo baya don kada su ƙone. In ka fara da mai, za su shanye shi kamar soso, ka ƙara, su sake shanyewa. In ka cika kasko kuma, turara su ka yi. Gara a soya kashi biyu.

Jimillar lokacin kan wuta kada ta gaza minti 15, morel da masu kauri har 20. Yanka mafi kauri ka duba, kada tsakiyarsa ya rage fari ɗanye. Wasu iri, kamar Armillaria da ke fitowa cunkus a gindin itace, sai an fara tafasa su minti 10 zuwa 15 an zubar da ruwan kafin suya. Kada ka ɗauki wannan tafasar a matsayin maganin kowane dafi. Tana aiki ne ga sanannun iri ƙalilan. Paxillus involutus an daɗe ana cinsa dafaffe a Turai, har sai da ya kashe masanin naman kaza Bajamushe Julius Schäffer a 1944.

Mataki na shida: cin farko

Ko irin da duniya ta yarda ana ci, wani jikin ba ya karɓarsa. Ran da za ka fara cin wani iri, ci shi shi kaɗai, cokali ɗaya ko biyu, dafaffe sosai, ka jira kwana biyu kafin ka ƙara. Kada a ba ƙananan yara, mai juna biyu, tsofaffi ko mai ciwon hanta ko ƙoda. Ware guda ɗaya ɗanye, da gindinsa, ka naɗe a takarda ka sa a firji, ka ɗauki hotonsa sama da ƙasa.

In ciki ya juya, lokacin da abin ya fara shi ne babban labari ga likita. Amai cikin awa ɗaya zuwa uku yawanci na masu ɓata ciki ne, duk da haka a nemi likita. Wanda ya jinkirta awa 6 zuwa 24 shi ne abin tsoro, don haka dafin Amanita ke yi. Amai da gudawa su yi tsanani, sannan a kwana na biyu mutum ya ji sauƙi har ya ce ya warke, alhali hanta na mutuwa. A kwana na uku zuwa biyar ido ya yi rawaya. Wasu dangin Cortinarius kuma ƙoda suke kamawa, kuma sukan kai mako biyu zuwa uku kafin su nuna. A tafi asibiti nan take, da duk wanda ya ci ko bai ji komai ba, da wancan ɗanyen da aka ajiye, da ragowar tukunya. Madara, gishiri ko jiƙo ba sa tare wannan dafin.

Ajiya

A firji, wajen digiri 4, cikin jakar takarda, ba wanki. Yawancinsu kwana biyu zuwa uku ne. Riƙa leƙawa kana cire wanda ya yi laushi, don wake ɗaya ke ɓata gari. Dafaffe a sa shi a firji cikin awa biyu, a cinye gobe ko jibi, a ɗumama shi ya yi zafi sosai.

Don firiza, a soya tukuna, a huce, a ƙulla kashi-kashi. Ɗanyen shantarel in ya daskare ɗaci yake yi. Kada a zuba naman kaza cikin kwalbar mai a ajiye a kanta. Inda ba iska ba tsami, nan ƙwayar Clostridium botulinum ke haifar da dafinta, kuma kwalbar ba lallai ta yi wari ba.

Busarwa ta fi dacewa da Boletus da morel, har ƙamshinsu ƙaruwa yake. A yanka siriri, a jera ba ɗaya kan ɗaya ba, a zafin digiri 45 zuwa 55 da iska na ratsawa, a na'urar busarwa ko obin da aka bar ƙofarsa a ɗan buɗe. Sun bushe ne in ka lanƙwasa suka karye ƙas. In suka lanƙwasu kamar fata da saura, kuma funfuna za ta kama su a kwalba. Rubuta sunan irin da kwanan wata a jiki, don busassu duk kamarsu ɗaya. Ran amfani a jiƙa su a ruwan ɗumi minti 20 zuwa 30, a tsamo, a dafa su cikakkiyar dahuwa kamar ɗanyu, tunda bushewa ba dahuwa ba ce. Ruwan jiƙon Boletus ya fi naman ɗanɗano, a tace shi da tsumma mai tsabta a zuba a girki, a bar cokalin ƙarshe a kwanon, nan yashin yake.